Cikin 'Yar Ɗorawa: yadda na kwance GPS ɗin Kawu

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024

Yau da hantsi Kawu ya aiko autansa shago da baƙar leda an ƙulle bakinta. Ina kwancewa sai ga 'Yar Ɗorawa. Sunan da muka sa mata ke nan tun muna yara, saboda launinta. GPS ce ta hannu, wato na'urar gano wuri ta hanyar tauraron ɗan adam, Garmin eTrex, irin ta farkon nan mai ruwan ɗorawa da ta shigo kasuwa wajen shekarar 2000. Da ita Kawu ya yi aikin malamin gona shekara da shekaru a yankin Kura da Bunkure da Garun Malam, yana ɗaukar kusurwoyin gonaki da rijiyoyi da bakin magudanan noman rani. A wancan lokacin ko taɓa ta ba mu isa mu yi ba. Igiyarta na wuyansa, ita kuma tana aljihun gaban riga, sai dai mu leƙa ta gefen kafaɗarsa.

Saƙon da yaron ya kawo gajere ne: "Yaya, Baba ya ce ta ƙi tashi. In za ta gyaru, to. In ba za ta gyaru ba, wai ka buɗe ka ga abin da ke ciki, ya san ka daɗe kana so." Gaskiya ya faɗa. Shekarata tara ina gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano, kuma kusan duk wayar da na buɗe akwai GPS a cikinta, amma a waya abin ya ƙanƙance ya koma ɗigo ɗaya a kan inji, wato allon da ake jera kayan lantarkin a kai, ba ka ganin komai. A wannan tsohuwar kuwa kowane sashe yana zaune a muhallinsa, ido zai iya bin sa. Shi ya sa na ɗauko littafi zan riƙa rubuta duk abin da na yi.

Tsawonta kamar santimita 11 ne, faɗi 5, nauyinta da batir gram 150. Maɓallai biyar gare ta, duka a gefe: uku a hagu, biyu a dama, an jera su yadda hannu ɗaya zai iya sarrafa ta. Baƙar roba ta zagaye ta kamar ɗamara. A baya akwai ɗan zoben ƙarfe da ake murɗawa a cire murfin batir. Na murɗa, murfin ya ƙi fita sai da na sa farce. Batir biyu ne a ciki, sun kumbura, wani farin gari ya daskare a kansu har ya rufe ƙarafan da suke zama a kai. Kawu ya yi ritaya, ya ajiye ta a akwati da batiran a ciki, shekaru suka bi ta kai.

Ban taɓa komai ba yau. Na ɗauki hotuna ta kowane gefe, na sa ta a aljihun tebur.

Litinin, 21 ga Oktoba

Kafin a wanke yoyon batir sai an san irinsa. Batiran nan masu araha na tocila, abin da suke zubarwa mai tsami ne, da bekin soda ake kashe shi. Na alkalin kuwa kishiyarsa ne, sai da abu mai tsami. Na kankaro garin kaɗan a kan murfin kwalba, na ɗiga masa lemon tsami, nan take ya yi kumfa yana tsuwa. Alkalin ne. Ruwan da ke cikin irin wannan batir idan ya tsiyayo ya sha iska, yakan koma gishirin da ya yi kama da wanda ke cikin ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa su sa a miya. Duk wadda ta taɓa zuba ruwan toka ko kanwa a kan tsamiya ta san wannan kumfar.

Na bi ƙarafan da auduga da lemon tsami har kumfar ta daina tashi, na goge da sifirit, na bari suka bushe. Uku sun fito da haskensu. Na huɗun, wanda ke ɗaukar wuta zuwa ciki, ya ci ya zama kore-kore, alamar abin ya kai ga jan ƙarfe. Da garin ya tafi sai rubutun ƙasan ɗakin batir ya bayyana, da lambar na'urar da sunan Taiwan inda aka ƙera ta. Kamfanin kansa na Kansas ne a Amurka, mutum biyu suka kafa shi a 1989, Gary Burrell da Min Kao, daga farkon sunayensu aka haɗa Garmin.

Na ba ta bolt 3 daga na'urar ba da wuta ta kan tebur, na danna maɓallin kunnawa. Allurar ko motsi ba ta yi ba. Ba ta jan komai. A wurina wannan labari ne mai daɗi, domin injin da ya ƙone yakan ja wuta fiye da kima, wanda ba ya ja ko kaɗan kuwa galibi hanya ce ta yanke kafin wutar ta isa gare shi. Sai an shiga ciki.

Laraba, 23 ga Oktoba

Tun ranar Litinin babu wuta, kuma ba Kano kaɗai ba ce, kusan duk Arewa haka take. Kasuwa ta cika da ƙarar janareta da hayaƙi, litar fetur ta haura naira 1,000, ba zan tayar da inji don aikin da ba na kuɗi ba. Bulowa, na'urarmu ta hura iska mai zafi, ta kwanta ke nan. Sai na ɗora 'Yar Ɗorawa a kan benci a rana wajen ƙarfe ɗaya, na kifa fuskarta ƙasa, minti goma. Ranar Kano ta yi aikin bulowa: gam ɗin da ke ƙarƙashin robar ya yi laushi.

Babu sukuru ko ɗaya a jikinta. Na daɗe ina juya ta kafin na yarda da hakan. Na sa matsefata a ƙasan robar wajen ramin igiya, na ɗaga kaɗan, na riƙa bi a hankali kamar mai feɗe fata, don kada ta miƙe ta ƙi komawa. Ashe robar ita ce maɓallan da kanta. Ta ciki, daidai kowane maɓalli, akwai ɗan abin da ke tura makunnin da ke kan inji. Na jera su a kan salatif na rubuta wa kowanne wurinsa, domin irin waɗannan ƙananan abubuwan in suka faɗi a ƙasan shago an rabu ke nan.

Ƙarƙashin robar akwai wani salatif mai ɗauri da ya bi layin da gaba da baya suka haɗu. Da shi da robar ne suke hana ruwa shiga. Matsayinta IPX7 ne, ma'ana za ta iya zama cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30 ba abin da ya same ta. Na tsaya na ɗan jima da reza a hannu, don na san daga lokacin da na yanka wannan salatif ɗin ta rabu da wannan kariyar, kuma duk yadda na mayar ba zai kai na asali ba. Kawu ya sha shiga fadamun Kadawa da ita cikin ruwan sama. Na yi bisimilla na yanka.

Ɓangarorin biyu da ƙananan haƙoran roba suke cije da juna. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da filastik ɗin buɗe waya. Ɗaya daga na ƙasa ya karye, shekaru sun busar da shi, abin ya yi mini ciwo. Na adana guntun. Da la'asar ta rabu biyu a hannuna. Hasken shago bai isa a duba inji ba, na rufe ta da kyalle.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na fito da tebur bakin ƙofa inda haske yake.

Abin da ido ya fara sauka a kai shi ne eriya. Tana can sama, bisa sikirin, daidai inda tambarin kamfanin yake ta waje. Ba sanda ba ce, ba waya ba ce. Wani ɗan dunƙulen tangaran ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa kamar santimita biyu, an shafe samansa da ƙarfe mai ruwan azurfa, da ɗigon dalma guda da bai zauna a tsakiya daidai ba, ya ɗan goce gefe. Yaron shagona ya leƙo ya ce, "Oga, wannan kamar sun yi kuskure wajen liƙawa." Ba kuskure ba ne. Saƙon GPS yana zuwa ne a kan zangon megahaz 1575.42, tsawon igiyarsa kusan santimita 19. Eriya irin wannan da iska ce a ƙarƙashinta da sai ta kai rabin haka, kusan santimita tara da rabi, ba za ta shiga aljihu ba. Tangaran ɗin ne ke rage wa igiyar gudu a cikinsa, sai ta gajarta, eriyar ta ƙanƙance. Shi kuma saƙon yana saukowa ne yana murɗawa ta hannun dama kamar zaren da ake kaɗawa da mazari, don haka aka tsara siffar ƙarfen da wurin ɗigon yadda za su karɓi mai murɗawa dama. Wanda ya bugi bango ko kwano ya dawo yakan juya murɗinsa, eriyar ba ta karɓarsa sosai. Na gargaɗi yaron kada ya kuskura ya kankari saman nan, ɗan ƙarce kaɗan zai iya gusar da ita daga zangonta.

Yanzu na gane dalilin da Kawu yake riƙe ta a kwance a tafin hannu kamar mai miƙa goro, ba a tsaye ba. Fuskar tangaran ɗin ce ke son kallon sama.

Sikirin ɗin baƙi da fari ne, ɗigo 64 a faɗi, 128 a tsawo, siririn fileks, wato shimfiɗaɗɗiyar waya mai lanƙwasuwa, ya haɗa shi da inji. Ban cire shi ba, na dai ɗaga shi na tokare da soso. Fileks mai shekara ashirin ba abin wasa ba ne. Inji guda ɗaya ne, kore, ya ɗauki siffar jikin na'urar. Wani yanki nasa an rufe shi da gwangwanin ƙarfe an liƙe da dalma.

Wani maƙwabcina mai sayar da caja ya tsaya yana kallo, ya ce ai da irin wannan ake bin diddigin mutane, tauraron ɗan adam yana ganin duk inda mai ita ya sa ƙafa. Maganar nan na sha jin ta, har daga masu ilimi. Na juya masa injin gaba da baya, na ce ya nuna mini sashen da ke aika saƙo. A waya kowa a kasuwar nan ya san shi, ayisin nan (IC, ɗan dunƙulen lantarki) da ke ƙara ƙarfin magana zuwa sama, mai shan batir, mai ɗumama bayan waya. A nan babu shi. Babu gidan sim, babu komai da ke fitar da saƙo ta iska. Wannan na'ura kunne ce kawai, ba ta da baki. Taurarin da ke can sama, kilomita 20,200 daga ƙasa, ba su san da ita ba, kamar yadda gidan rediyo bai san wanda ya kunna akwatinsa a ƙauye ba. Wayar da ke aljihunsa ce ke iya faɗa wa wani inda yake, domin ita tana da intanet. Hanya ɗaya da 'Yar Ɗorawa ke magana ita ce ƙananan ƙarafa huɗu da ke bayanta ƙarƙashin wata 'yar roba, inda ake jona waya zuwa kwamfuta.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ta yaya take sanin inda take in ba wanda ya gaya mata?" Wannan ita ce tambayar da nake so in amsa da idona.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na kawo ta gida. Maƙwabcinmu yana da sola, ya ba ni awa biyu na jona ƙarfen narka dalma da madubin ƙara girma. Na bi gefen gwangwanin a hankali na ɗaga shi.

Gwangwanin ba don ƙura aka sa shi ba. Kowane tauraron GPS da ƙarfin da bai wuce na ƙwan lantarki ba yake watso saƙonsa, ya bazu a kan kusan rabin duniya. Kafin ya iso hannun Kawu a Kadawa ya yi rauni har ya gaza shuuu ɗin da kayan lantarki ke haifarwa da kansu saboda zafi. Ƙarar da sauran injin ke yi, musamman sashen da ke sarrafa wutar batir, ta isa ta binne shi. Shi ya sa aka gina wa kunnen ɗaki na ƙarfe. A ciki, idan ka bi hanyar daga ƙafar eriya, za ka ga ɗan abin da ke ƙara wa saƙon ƙarfi ba tare da ya ƙara masa hayaniya ba, sai matata da ke zubar da duk zangon da ba na GPS ba, sai ayisin da ke sauko da shi daga megahaz dubu da ɗari biyar zuwa inda za a iya mayar da shi lambobi.

Yadda ake tsamo magana daga cikin hayaniyar da ta fi ta ƙarfi shi ne abin da ya fi burge ni, kuma makarantar allo ce ta fahimtar da ni. Almajirai arba'in suna karatu a lokaci guda, kowa da allonsa, baƙo ba ya jin komai sai guguwar murya. Amma malam yana zaune zai ɗaga kai ya gyara wa yaro ɗaya wasali, saboda abin da yaron ke karantawa yana kansa. Haka nan kowane tauraro yana da nasa jerin bugu 1,023, yana maimaita shi sau dubu a sakan guda. Na'urar ta haddace jerin kowannensu. Tana karanta shi a cikinta, tana matsar da shi gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya hau daidai kan wanda ke saukowa. Da sun hau juna sai muryar ta fito fili. Gwargwadon matsarwar da ta yi shi ke gaya mata tsawon lokacin da saƙon ya yi a hanya. Tana da kunnuwa 12, tana iya bin taurari 12 a tare. Babban baƙin ayisin da ke wajen gwangwanin, mai ƙafafu ta ko'ina, shi ke wannan lissafin, kusa da shi kuma ga na ajiyar bayanai.

Sauran aikin duk na agogo ne. Saƙon yana gudun haske, kilomita 300,000 a sakan, yana isowa cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, mita 300 ne a ƙasa. Taurarin suna ɗauke da agogon atam. Ita kuwa abin da na gani a kan injinta agogo biyu ne na dutsen kwaz: ɗaya ɗan akwatin ƙarfe mai sheƙi kusa da sashen rediyo, wanda ke gyara bugunsa da kansa in zafi ya canza, ɗayan kuma ƙarami irin na agogon hannu, mai bugu 32,768 a sakan. In aka yi ta raba wannan lamba biyu har sau 15, sai ta zama ɗaya, sakan guda ke nan. Agogon kwaz ba zai taɓa kamo na atam ba, kuma ba a nemi ya kamo ba. Taurari uku sun isa a gane wuri in agogonka daidai yake. Tunda ba daidai yake ba, sai a ƙara na huɗu, lissafin ya fitar da wurin da kuskuren agogon gaba ɗaya. Dabarar da ta sa malamin gona ya iya riƙe wannan abu a aljihu ke nan.

Na mayar da gwangwanin, na liƙe kowace kusurwa. Awa biyun sun ƙare ban nemi ciwon ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba

An fara ganin wuta jefi-jefi. Na bi hanyar wutar da mita. Bayan na'urar ba da waya aka haɗa shi da inji ba, ƙananan ƙafafun ƙarfe ne ke dannuwa a kan wasu faifai masu ruwan zinariya. Ruwan batir ya bi ƙarfen nan da ya yi kore, ya gangaro kan faifansa, ya cinye siririyar hanyar jan ƙarfen da ta tashi daga nan zuwa wajen ɗan naɗin waya mai daidaita wuta. Tsawon wurin da ya yanke bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na kankare, na wanke, na yi jamfa da silin waya ɗaya, na rufe da koren gam.

Bolt 3. Na danna makunnin da bakin matsefata. Allura ta tashi ta wuce miliamfa ɗari ta tsaya. Sikirin ya yi duhu, ya washe, rubutu ya fito. Alhamdu lillahi.

Abin da na fara dubawa shi ne jerin wuraren da aka adana. Irin ma'ajiyar da ke cikinta ba ta buƙatar batir kafin ta riƙe abu. Suna nan, guda 143. Harafi shida kawai take karɓa a suna, don haka Kawu ya yi ta gutsure kalmomi: RIJYA1, GAWO 2, KANAL4, TSAMYA. Na kira shi a waya na karanta masa kaɗan. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na haɗa ta na wucin gadi, na ɗaure da robar kuɗi, na sa sababbin batira na hau saman bene bayan sallar asuba. Iskar hunturu ta fara kaɗawa. Na kwantar da ita a kan bulo, fuskarta sama.

Ɗan mutumin nan da ke kan shafin farko ya fito, taurari na yawo a samansa. Na koma shafin da ke nuna ƙarfin kowane tauraro: babu ko ɗaya. Ban damu ba. Na'urar da ta yi shekaru a akwati ba ta san ƙarfe nawa ba, ba ta san waɗanne taurari ne a sama ba, ga shi wasu da ta sani an yi musu ritaya an harba sababbi. Dole ta bi su ɗaya-ɗaya tana lalube. In ta kama ɗaya, shi zai karanta mata jadawalin sauran, amma a hankali yake magana, ɗigon bayani 50 kacal a sakan, cikakken jadawalin yana cin minti 12 da rabi. Na zauna na jira. Can sai sanda ɗaya ta miƙe, sai ta biyu. Kafin shayina ya huce sun kai bakwai, ta ce ta shirya, kuskurenta bai wuce mita 6 ba.

Ta zo duniya a kan gaɓa. Kafin watan Mayu na 2000 sojojin Amurka da ke da tsarin suna dagula saƙon farar hula da gangan, kuskure ya kan kai mita 100. A farkon watan ne Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina. Da ba a yi haka ba, da auna gonar hekta ɗaya da irin wannan na'ura bai yiwu ba, don faɗin gonar kansa mita 100 ne.

Sai na duba kwanan wata. Ta rubuta 19 ga Maris, 2005. Sa'a da minti daidai, wuri daidai, shekara ta koma baya. Na ɗauko biro na ƙirga: tsakanin ranar da yau kwana 7,168 ne, mako 1,024 cif. Ita ma waccan ranar Asabar ce. Taurarin ba sa faɗin shekara a wannan saƙon, lambar mako suke faɗa, ana ƙirgawa tun daga 6 ga Janairu, 1980, kuma gurbin da aka ware wa lambar ba ya ɗaukar fiye da 1,024. In ya cika sai ya koma sifili, kamar mitar tsohuwar mota. Ya cika a Agustan 1999, ya sake cika a Afrilun 2019. Ba abin da ya lalace a injin, kuma ba abin da dalma za ta gyara. Na rubuta a ɗan salatif zan manna a cikin murfin batir, don duk wanda ya ɗauke ta nan gaba kada ya dogara da shekarar da ta nuna.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Jiya na rufe ta. Na liƙe haƙorin da ya karye, na zagaye layin da sabon salatif, na wanke tsohon gam daga robar da sifirit na sa salatif mai fuska biyu irin na liƙa sikirin. Maɓallai biyar duka suna amsawa. Na gaya wa Kawu gaskiya cewa yanzu ba za ta jure ruwa ba, ko yayyafi ne a sa ta a leda.

Yau muka tafi gonarsa ta wajen Kura, ni da shi da autansa. An gama yankan shinkafar damina, ana ta casa a gefen hanya, wasu sun fara gyaran kwamin tumatir. Kawu ya zo da tsohon littafinsa mai baƙin bango, shafi bayan shafi na lambobin UTM, wato tsarin nuna wuri a taswira da ƙirgen mita, da jan biro, kowanne ya fara da 32P. Ya karɓi 'Yar Ɗorawa, ya rataya igiyar, bai ko kalli maɓallan ba yatsunsa suka nemo TSAMYA. Ya kwantar da ita a tafin hannu muka bi kibiya ta kan kunya. Mita 300, 120, 40. Da ta ce saura mita 4 muna tsaye a inuwar tsamiyar da ke iyakar gonarsa ta gabas.

Autan ya buɗe wata manhaja a wayarsa mai nuna UTM, ya gwada da littafin, ya ce, "Baba, lambobinku ba su yi daidai da na waya ba." Na duba, haka ne: bambancin ya kai kusan mita 80 ta gabas da yamma, ya haura mita 100 ta kudu da arewa. Gabana ya faɗi, na fara tunanin ko na taɓa wani abu a cikin gwangwanin. Kawu ko a jikinsa. Ya shiga shafin saiti ya nuna mana kalma ɗaya: Minna.

"Safiyoyi ne suka ce mu sa wannan tun ranar da aka raba mana su," in ji shi. "Taswirorin ofis duk da shi aka zana su."

Ma'aunin Minna shi ne tushen tsofaffin taswirorin Nijeriya, an ɗora shi a kan wata alamar safiyo da ke kusa da garin Minna, da siffar duniya irin ta lissafin Clarke na 1880. Waya kuwa da WGS 84 take aiki, wanda shi ne na GPS kansa. Na canza saitin zuwa WGS 84, lambobin suka koma kusan na wayar. Na mayar Minna, suka koma na littafin. Tsamiya ba ta gusa ba. Na yi mako uku ina bin hanyoyin jan ƙarfe da madubi, amma wannan ba a kan inji yake ba, a wurin Kawu na same shi. Kuma abin ya tsaya mini a rai, domin tazarar mita ɗari a wannan yankin gonar wani ce sukutum, ga shi yanzu kowa da waya yake zuwa ya ce ya auna.

Na ce, "Kawu, in kun amince, zan kwafe wuraren nan duka kafin wani abu ya sake samunta." Ya miƙo mini littafin ma, ya ce in haɗa da shi, in rubuta Minna da manyan baƙaƙe a saman kowane shafi.

Abin da ya rage: wayar da ke shiga ƙarafan nan huɗu ba a samunta a kasuwa yanzu, sai na haɗa da kaina daga tsohon katin roba da silin waya, in nemo abin da ke jona tsohuwar kafar kwamfuta da USB. Kafin nan na fara kwafa da hannu. A daren nan na kai na 31, RIJYA3. Na cire batiran kafin in kwanta.